Aikina na farko bayan jami'a ya sa na fara tsoron buɗe kwamfuta: in bari ko in daure?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Ina gama karatun kimiyyar kwamfuta na samu aiki a wani kamfanin manhaja, ba zan faɗi sunansa ba. Manhajar lissafi suke yi wa 'yan kasuwa, tana kuma tura wa abokan cinikinsu saƙon tunatarwa idan ana bin su bashi. A intabiyu an ce mini za a haɗa ni da wani babban injiniya da zai riƙa duba aikina yana nuna mini hanya. Ban daɗe da zuwa ba mutumin ya ajiye aiki, ba a kawo wani ba, sai aka tattara duk ɓangaren da yake riƙe da shi aka ɗora mini. Babu takardar da ta bayyana yadda aka gina abin, babu gwaji ko ɗaya da aka rubuta wa kod ɗin, wato rubutun umarnin da manhajar ke aiki da shi. In na yi tambaya sai a ce mini, "Ba da digiri ka zo ba?"

Ba mu da sabar gwaji, wato babbar kwamfutar da ake fara gwada manhaja a kanta kafin ta kai ga kwastomomi. Abin da ka rubuta a kwamfutarka kai tsaye ake ɗora shi kan sabar da kwastomomi suke kai. Kalmar sirrin rumbun bayanai ɗaya ce tak, kowa yana da ita, har masu zuwa koyon aiki.

Kwanakin baya manaja ya yi wa wani babban kwastoma alkawarin wani gyara ba tare da ya tambayi kowa tsawon lokacin da zai ci ba. Na rubuta masa cewa a ba ni lokaci in gwada. Ya ce a sake shi a daren nan. Aka saki. Tsarin tura saƙo ya shiga maimaita kansa, mutanen da suka riga suka biya suka wayi gari da saƙonnin bashi jere a wayoyinsu. Mai kamfani ya tara ma'aikata duka, ya kira sunana, ya ce ni na jawo musu asara, kuma za a cire daga albashina.

Tun daga nan ba na samun barcin kirki. Da zarar waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Ni da nake kwana ina rubuta kod a makaranta don jin daɗi kawai, yanzu ganin kwamfutar ma tayar mini da hankali yake yi. Wasu suna ce mini barin aikin farko kafin shekara tabo ne da zai bi ni. Me kuke gani?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya kawo maka sauƙi. Ni na daɗe a harkar nan, kuma abin da zan ce maka shi ne ka yi haƙuri. Babu wanda bai sha irin wannan ba a farkon aikinsa. Ka daure ka cika shekara. Wurin da babu tsari shi ne wurin da za ka taɓa komai da hannunka: saba, rumbun bayanai, kwastoma. Abin da za ka koya a nan cikin shekara ɗaya, wanda ke babban kamfani sai ya yi uku bai gani ba. Yaran yanzu da an ɗaga muku murya sai ku ce za ku tafi.

Mai Gadin Saba:
Yaya, da girmanka, amma ban yarda ba. Ba ɗaga murya ba ce matsalar yaron nan. Ka sake karanta abin da ya rubuta. Babu sabar gwaji, babu mai duba aikinsa, ya nemi lokaci a rubuce an hana shi. To ta ina laifin ya zama nasa shi kaɗai?

Aikina ke nan kullum, kula da saba, don haka bari in kawo abubuwan da suka faru a fili kowa zai iya bincika.

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, wani kamfanin ajiyar kod, yana aiki cikin dare, yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanansu. Ya ba da umarnin gogewa yana zaton a kan saba ta biyu yake, ashe a kan ta ainihi yake. Kafin ya farga kusan gigabait 300 sun tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyar kwafi guda biyar da suke da su, sai suka tarar babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Da wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan suka farfaɗo, bayanan waɗannan sa'o'in kuwa suka salwanta. Me kamfanin ya yi? Ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, kuma bai kori mutumin ba. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce me ya sa hanyoyi biyar suka gaza ba wanda ya sani.

Bayan wata ɗaya, 28 ga Fabrairu 2017, wani ma'aikacin Amazon ya shigar da umarni da kuskure a ciki, aka cire sabobi fiye da yadda aka yi niyya daga ma'ajiyarsu ta S3, inda shafukan intanet da yawa ke ajiye bayanansu. Shafukan intanet da yawa suka tsaya na wajen sa'o'i huɗu. A bayanin da suka fitar, abin da suka ce sun gyara shi ne manhajar ba da umarnin, ta yadda ba za ta sake yarda a cire sabobi da yawa da sauri haka ba.

Waɗannan ƙwararru ne, ba sababbin kammala karatu ba. Hannun ɗan Adam yana kuskure, duk wanda ya san aikin nan ya san haka, shi ya sa ake gina shinge. Kamfanin da ya ƙi gina shingen sannan ya tsayar da mafi ƙanƙantar ma'aikacinsa a gaban jama'a, ba koyar da shi yake yi ba, ɓoye gazawarsa yake yi a bayan yaron.

Mai Ƙaramin Kamfani:
Hajiya, kin yi magana mai kyau, amma kin kawo mana GitLab da Amazon. Ni mutum shida ne a kamfanina. Wani watan ban san inda albashi zai fito ba sai kwastoma ya biya. Idan kwastoman da ke riƙe da rabin kuɗin shigarka ya ce gobe yake so, ba ka da bakin ce masa injiniyana yana son ya yi gwaji. Masu aiki a manyan wurare ba su san wannan zafin ba.

Abin da ba zan kare ba shi ne tozarta yaro a gaban abokan aikinsa. Wannan rashin iya shugabanci ne. Amma kada mu mayar da duk ƙaramin kamfani azzalumi don ba shi da tsarin manya.

Mai Gadin Saba:
Alhaji, ban ce ka kawo ma'aikata ɗari ba. Ka ce mutum shida gare ka. Nawa ne kuɗin ka kafa doka cewa ba a ɗora komai kan saba sai mutum na biyu ya karanta? Ko sisi. Git, manhajar da ke bibiyar duk gyaran da aka yi wa kod, kyauta ne tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma wuraren ajiyar kod irin GitHub da GitLab suna da hanyar da wani zai duba gyaranka ya amince kafin ya shiga. Raba kalmar sirri ta yadda sabon ma'aikaci zai iya karanta bayanai amma ba zai iya gogewa ba, aikin rabin yini ne. Sabar gwaji kuwa ƙarama ta isa.

Kuma tunda ka ce gaggawa ce take tilastawa, ga Knight Capital a Amurka. Ranar 1 ga Agusta 2012 suka saki sabon kod na cinikin hannun jari. Sabobi takwas ne, ma'aikacin ya ɗora a kan bakwai, ɗaya ta rage da tsohon kod. Babu mutum na biyu da ya duba. Cikin kusan minti 45 suka yi asarar wajen dala miliyan 440. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka da ta yi bincike, kamfanin ta ci tarar dala miliyan 12, kuma cikin abubuwan da ta kama su da shi har da rashin rubutacciyar ƙa'idar da ta wajabta dubawar mutum na biyu. Su da suke babban kamfani ma, asarar ta kusa durƙusar da su. Kai da kake jiran kwastoma ya biya kafin ka yi albashi, kai ka fi kowa buƙatar ido na biyu.

Mai Ƙaramin Kamfani:
Wannan na karɓa. Maganar kalmar sirri ma ta taɓa ni, zan duba namu a makon nan.

Malamin Kwamfuta:
Ina so in ɗan taɓa wani gefe da ba a yi magana a kai ba, saboda ɗalibaina da yawa suna dawowa da irin wannan labari.

A jami'a kod ɗin da ɗalibi yake rubutawa sabo ne, nasa ne shi kaɗai, gajere ne, kuma da an ba shi maki an gama da shi. A wurin aiki kuwa yawancin lokacinka a karanta kod ɗin wasu yake tafiya, wanda aka rubuta shekaru da suka wuce cikin gaggawa, kuma dubban mutane suna amfani da shi a daidai lokacin da kake taɓa shi. Wannan fasaha ce daban, kuma ba a koyon ta sai a gefen wanda ya iya. Don haka alkawarin da aka yi wa wannan yaro na haɗa shi da babban injiniya ba ƙari ba ne a kan aikin, shi ne ma rabin abin da ya sa aikin farko yake da daraja. Da mutumin ya tafi ba a maye gurbinsa ba, an karya yarjejeniyar tun daga nan.

Abin da ya tarar kuma yana da suna. Ward Cunningham ya kira shi bashin fasaha tun 1992: duk lokacin da ka bi gajeriyar hanya don ka saki aiki da wuri, bashi ka ci, kuma yana ƙaruwa muddin ba ka koma ka gyara ba. Waɗanda suka ci bashin sun tafi, aka zo aka tsare wanda bai san lokacin da aka ci ba.

Sai dai ɗana, kada ka ɗauka cewa mafita ita ce su ɗebo sababbin mutane irinka su zuba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya bayyana a 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Sababbi sai an koya musu, kuma hanyoyin da za a riƙa tuntuɓar juna suna yawaita: tsakanin mutum biyar hanyoyi goma ne, tsakanin mutum goma kuwa 45. Abin da kamfaninku ya rasa gogaggen mutum ɗaya ne mai lokacin zama da kai.

Tsohon Injiniya:
Malam, ni ba wanda ya zauna da ni, kuma ga ni.

'Yar Asibiti:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma waɗanda suka sha irin wannan suka bar harkar gaba ɗaya ba sa cikin zauren nan balle su ba da labarinsu. Waɗanda suka tsira kawai muke ji.

Ni ba injiniya ba ce, mijina ne. Abin da ya ja hankalina a rubutun ɗan'uwanmu shi ne barci da faɗuwar gaba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan matsananciyar gajiyar da aiki ke jawowa a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka kasa shawo kansa. Alamu uku ta ambata: ƙarewar ƙarfi, jin ka yi nisa da aikin ko ka tsane shi, da raguwar ƙwazo. Ka duba da kanka ka ga nawa ne a jikinka. Sannan a 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da binciken da ya nuna cewa masu aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a gare su da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da masu sa'o'i 35 zuwa 40.

Sabon Hannu, sa'o'i nawa kake yi? Kuma idan rashin barcin ya ci gaba ka je ka ga likita, kada ka jira sai ka bar aikin.

Sabon Hannu:
Na gode Anti. Gaskiya ba na ƙirgawa, domin ko na koma gida ba a tashi ba. Ni kaɗai ake kira idan abu ya lalace cikin dare, har ranakun hutu. Babu wanda muke karɓa-karɓa da shi. Akwai kuma abin da ban faɗa ba: an ce mana albashin kaɗan ne saboda za a ba mu hannun jari a kamfanin. Shi ma yana cikin abin da ke riƙe ni.

Jami'ar Ma'aikata:
Ƙanina, a ofishin kula da ma'aikata nake aiki, bari in ɗauki maganganu biyun nan.

Hannun jarin, a rubuce yake? Ka sa hannu a wata takarda da ta faɗi adadi da sharuɗɗa? Idan da baki ne kawai a taro, kada ka saka shi a lissafinka ko kaɗan. Ko inda ake rubutawa, tsarin da aka fi bi shi ne a raba maka shi cikin shekara huɗu, kuma ba ka mallaki komai ba sai ka cika shekarar farko. Bayan haka ma takarda ce kawai har sai an sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, kuma da yawa ba sa kaiwa nan.

Maganar cire kuɗi daga albashi kuwa, dokar kowace ƙasa daban ce, amma ba abu ne da mai kamfani zai yanke cikin fushi ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95 ta 1949 kan kare albashi ta ce ba a cire wani abu sai bisa sharuɗɗan da dokar ƙasa, ko yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin sasanci suka tanada. Ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta ta a natse. Ka nemi su ba ka dalilin cirewar da adadinta a rubuce. Sau da yawa da an ce a rubuta sai maganar ta mutu.

Saƙon da ka tura wa manaja kana neman lokaci, da amsar da ya ba ka, ka adana su yau ɗin nan tare da ranarsu. Kada ka sa hannu a duk takardar da ta ce kai kaɗai ka jawo asarar, ka ce za ka je ka karanta tukuna. Amma ka kiyaye: kada ka kwashi kod ɗin kamfani ko bayanan kwastomomi zuwa na'urarka da sunan hujja. Wannan zai juya maganar a kanka, kuma amana ce ko da sun zalunce ka.

Tsohon Injiniya:
To, da na ji batun kiran dare shi kaɗai da cire albashi, na sassauta. Ban san abin ya kai haka ba. Amma abu ɗaya ba zan janye ba: kada ka ajiye wannan sai ka kama wani. Kun ga yadda kasuwar ta juya. Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwamba 2022, a Janairu 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000. Gogaggu suna neman guraben da a da sababbi ke samu. Wanda ke kan aiki ya fi wanda ke zaune ƙarfin ciniki a wurin intabiyu. Ka fara nema yau, a ɓoye, ka rage ba su darenka.

Mai Gadin Saba:
A nan mun haɗu Yaya. Sai dai in lafiyarsa ta fara taɓuwa sosai, ba zan ce ya jira ba.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Don Allah yayyena, ni bana zan gama, kuma labarin nan ya tsorata ni. Ta yaya mutum zai gane irin wannan wuri tun kafin ya shiga? Shi ma ai alkawari mai kyau aka yi masa.

Mai Gadin Saba:
Ƙanwata, idan suka ce miki kina da tambaya, kada ki ce babu. Ki ce su ba ki labarin lokaci na ƙarshe da manhajarsu ta tsaya, da abin da ya biyo baya. Ki saurara da kyau. Idan amsar ta fara da sunan wani ma'aikaci da aka kora, kin ji abin da za a yi miki. Idan suka ce ba ta taɓa tsayawa ba, ko ba gaskiya suka faɗa ba ko ba sa lura. Amsar da ake so ita ce wadda ta ƙare da abin da suka canza a tsarinsu.

Sannan ki tambayi hanyar da kod yake bi daga kwamfutarki zuwa wurin kwastoma, mataki-mataki, da wanda zai duba naki. Ki nemi ki gaisa da shi mutumin, ki tambaye shi tun yaushe yake wurin. Ki tambayi mutum nawa ke karɓa-karɓar kiran dare. Idan kuma da hali, ki nemo wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, shi ba abin da zai ɓoye miki.

Sabon Hannu:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na adana saƙonnin, na kuma duba takardata, babu maganar hannun jari a ciki, babu ta cire albashi. Takardar ta ce in ba da sanarwar wata ɗaya idan zan tafi. Zan fara nema. Abin da ya rage mini shi ne, idan aka tambaye ni a intabiyu me ya sa zan bar wuri ban cika shekara ba, me zan ce? Ba na son in yi ƙarya, ba na kuma son in zama mai zagin tsohon wurin aikinsa.

Jami'ar Ma'aikata:
Ba sai ka yi ko ɗaya ba. Ka ce an ɗauke ka ne don ka yi aiki ƙarƙashin babban injiniya, ya tafi ba a maye gurbinsa ba, ka riƙe ɓangaren kai kaɗai, yanzu kana neman wurin da ake duba kod kuma ake gwaji kafin a saki. Duk gaskiya ce, kuma ba ka ambaci halin kowa ba. Idan suka tambaye ka wata matsala da ka taɓa fuskanta, ka ba su labarin saƙonnin da suka maimaita kansu: me ya jawo, yadda aka tsayar da shi, da abin da za ka saka a tsarin don kada saƙo ɗaya ya fita sau biyu. Ka shirya wannan amsar da kyau, domin injiniyan da ke ɗaukar aiki ita zai fi saurara.

Mai Gadin Saba:
Ka turo mini bayanin yadda tsarin tura saƙon yake ta akwatina, ba kod ɗin ba, bayanin kawai. Ina zargin ba a ajiye alamar cewa an riga an tura saƙo kafin a sake gwadawa, shi ya sa duk lokacin da amsa ta yi jinkiri yake sake turawa. In haka ne, mu zauna a ƙarshen mako in nuna maka yadda ake rufe wannan ƙofar, sai ka je intabiyu da ita a hannunka.